Ranar da Moton Likitan Shanu Ya Kwana a Maƙerarmu

Wata Laraba ce, kwana biyu bayan ruwan shuka na farko, a cikin shekarun nan da Turawa suke yaƙinsu na biyu, aka turo moto cikin maƙerar Abbana. Ina da shekara tara ko goma. Ina zaune a kan buzun akuya ina zuga wuta, Abba yana bugun bakin sungumi, sai muka ji ƙara daga hanyar Buza. Ƙauyenmu a gindin dutse yake, duk abin da ya taso daga hanya sai dutsen ya maido mana da amonsa ninki biyu. Kaji suka watse, jakinmu ya tsinke igiya ya faɗa gonar maƙwabta, matan da ke rijiya suka bar guga a baki suka yi gida da gudu. Mun sha jin labarin moto, wanda mutanen kudu ke ce wa babur, amma ranar ce ta fari da ya shigo garinmu. Mutumin da ke bisansa baƙar fata ne kamarmu, saurayi siriri cikin kaki, Hausarsa ta koyo ce. Shi ne likitan shanu, ya zo yi wa garken Fulani huji, wato riga-kafi, saboda ciwon da ke kashe dabbobi. Tun jiya wani gardi, wato dogarin Bature, mai jar hula ya riga shi zuwa a kan doki don ya tara shanun a fadama.

A al'adarmu, in baƙo ya sauka, shi yana gidan mai gari, abin hawansa kuma a ba wani gida ya kula da shi. Doki a kai shi inda akwai harawa, raƙumi a kai shi bayan gari wajen masu sanin halinsa. To, wannan ba ya cin harawa, ba ya shan ƙasari. Dattawa suka kewaye shi daga nesa suna shawara, har mai gari ya yanke magana ya ce, "Ƙarfe na, a kai shi gidan ƙarfe." Na ga fuskar Abba lokacin da aka faɗa masa, na san bai so ba. Amma a shekarun nan ba a cewa a'a ga abin da ya fito daga wajen kumandan, Baturen mulkin da ke zaune a Buza. Hatsinmu ma ana auna wani a zuba a rumbun da ba mu da ikon buɗewa, maza kuma ana ɗibarsu aikin hanya. Wanda ya yi laifi, ko aka ce ya yi, a ɗaura masa igiya a wuyan hannu ya bi doki a ƙasa har Buza. Wani maƙwabcinmu an tafi da shi haka da farkon daminar bara, bai dawo ba sai da aka gama ɗaurin dami, gonarsa ta zama ciyawa, matarsa ta ci bazara da kalar hatsin mutane.

Ni ce babba a gidanmu, ƙanena yana goye a bayan Inna, don haka aikin da ɗa namiji zai yi a maƙera ni nake yi. Da safe in ɗebo ruwa tulu biyu, in share tsakar gida, in yi surfe tare da Inna, sannan in zauna ga zuga-zugi har rana ta take. Sa'o'ina suna dandali suna carafke da 'yar tsana ta kara, ni ina kallon gawayin ƙirya yana ja. Ban ƙi ba, don ina son zama kusa da Abba. Mutum ne marar yawan magana, yatsa ɗaya yake ɗaga mini in ƙara, ya sauke shi in rage. Daga nan na san halin wuta. In hayaƙi ya yi baƙi ya yi nauyi yana toshe maƙogwaro, Abba yakan ce, "Yunwar iska take ji." In na yi zafin hannu har ta riƙa tsartuwa tana huci tana cinye gawayi a banza, sai ya ce, "Kin shaƙe ta, Hajo, bari ta numfasa." Inna kuma nata karatun daban ne. Ita ta koya mini cewa kayan baƙo ba su fita gidanmu yadda suka shigo. Butarsa a wanke, takalminsa a kakkaɓe, linzamin dokinsa a goge. Ni ke wanke mata tasar tagulla da mundaye da toka da ruwan tsamiya, har mutum ya ga fuskarsa a ciki, kuma a duk ayyukana shi ne wanda aka fi yaba mini.

Bayan azahar maza duka suka tafi fadama. Abba ma ya tafi da gawayi da awartaki, don shi zai riƙa gasa ƙarfen da ake yi wa shanun da aka huda shaida. Inna tana daka a bayan ɗaki. Aka bar ni ni kaɗai da moto a ƙarƙashin rumfar maƙera. Na daɗe a bakin rumfa ban shiga ba, don yana wani ƙas-ƙas a hankali yayin da yake hucewa, kamar abu mai rai yana gyara kwanciya. Da ya yi shiru na matsa. Laka ce ko'ina a jikinsa, ga ƙura ta cakuɗe da mai. Na ce a raina wannan abin kunya ne ya kwana a gidanmu haka. Na ɗauko tsumma na fara daga ƙafafu. A gefensa, ƙarƙashin inda ake zuba isansi, wato fetur, na tarar da wani abu kamar 'yar ƙaramar buta, da na kankare shi da farce sai na ga tagulla ce. Raina ya yi fari, na je na kawo toka da tsamiya na zauna. Ina cikin gogewa na ji wani abu ya motsa a ƙarƙashin tsumma. Wata 'yar ƙusa ce mai kai da zane-zane, da 'yar waya a murɗe a wuyanta, kuma ba ta shige duka ba. A gidan maƙera, abin da ya saki ɗaure shi ake yi. Hauya in ta yi kwance a ƙota, a buga mata, wuƙa in ta yi rawa a marikinta, a matse. Na ce girgizar duwatsun hanya ce ta kwance ta, saura kaɗan ta faɗi ta ɓace a ce a gidanmu ne. Na kama kanta da bakin zanena na murza, na sake murzawa, na murza na uku, ta tsaya cak. Na koma gefe ina kallon aikina yana ƙyalli. Ban faɗa wa kowa ba, ina jiran a gani da safe a tambayi ɗiyar wa ce. Da magariba Abba ya dawo a gajiye, ya jefa wa moto tabarma bai ko duba ba.

Washegari da hantsi gari duka ya taru a ƙofar maƙera don a ga tashinsa. Likitan shanu ya yaye tabarma, ya hau, ya taka. Moto ya yi tari sau biyu, ya tashi da wata murya mai kauri kamar ta mai mura, ya fesa baƙin hayaƙi, ya mutu. Ya sake takawa, haka. Yara suka yi dariya, dattawa suka tsawata musu. Ya sauka ya kwance wani abu fari mai kan ƙarfe, wanda daga baya na san sunansa buji, ya goge shi da gefen rigarsa ya mayar. Ya taka, moto ya tashi kaɗan, ya yi gurnani, hayaƙi ya cika rumfa, ya sake mutuwa. Sau uku yana ciro abin nan, sau uku yana fitowa baƙi ƙirin a jiƙe. Tun tarin farko gabana ya faɗi. Ban san yadda ƙusa ke hana ƙarfe tafiya ba, amma na san jiya da ƙafarsa ya zo, kuma ba wanda ya taɓa shi sai ni. Gumi ya jiƙa bayan rigar likita. Yanzu da na girma na gane shi ma tsoro yake ji, don moton ba nasa ba ne, kuma akwai Baturen da zai tsaya a gabansa ya yi bayani. A lokacin dai fushi kawai na gani.

Gardi ne ya lura da ƙyallin. Ya nuna da bakin bulala ya ce, "Jiya wanga wuri baƙi ya zo. Wa ya taɓa shi?" Ya juya ga Abba yana murmushin da ba na daɗi ba. "Maƙeri da tagulla ɗaki guda har safe. Mi ka cire a ciki, maigida? Zobe za ka yi wa uwargida?" Abba ya duƙa ya dubi wurin. Ya san aikin toka da tsamiya, ya san hannun da ke yinsa, don akwai sauran toka a lungun da yatsana bai kai ba. Ya ɗaga kai ya dubi Inna, bai dube ni ba ko kaɗan. Sannan ya ce, "Ranka shi daɗe, ni na goge shi. Ban cire komi ba." Inna ta damƙe wuyan hannuna da ƙarfin da ban san tana da shi ba, ta ja ni bayan zanenta. Ta san bulalar nan ba ta tambayar shekaru.

Aka kawo igiya. Mai gari ya yi roƙo, ya ce gari duka sungumi da hauya suna hannun mutumin nan, ga ƙasa da laima, in aka tafi da shi yau wa zai yi wa mutane ƙira. Gardi ya ce sai ya faɗa wa kumandan haka da bakinsa. Aka haɗa hannuwan Abba a gaba aka ɗaure, aka ce za a samo samari huɗu su tura moto, shi kuma ya bi doki. Ina leƙe ta gefen zanen Inna ina kallon yatsunsa, waɗanda ba su jin zafin ƙarfe, suna kumbura. Na tuna maƙwabcinmu da gonarsa. Na tuna namu irin yana cikin ƙwarya a ɗaki ba a shuka ba, don Abba ya ce sai ya gama na mutane tukuna. In na yi magana a fili, bulala ce, kuma an kama Abba da ƙarya a gaban gardi. In na yi shiru, ya tafi. Ban san tsawon lokacin da na tsaya haka ba, na dai ji ƙanena yana kuka a bayan Inna, ita kuma ba ta ko jijjiga shi ba.

Abin da ya ba ni hanya shi ne ba a barin mutum ya kama doguwar tafiya bai sha ruwa a gidansa ba, ko gardi bai hana wannan. Inna ta dama fura da sauri, na ce ta ba ni in kai. Ta dube ni, ta sake ni. Na durƙusa gaban Abba na riƙe masa ƙwarya a baki tunda hannunsa a ɗaure yake. Yana sha na ce a hankali, "Abba, akwai wata 'yar ƙusa wurin. Ta saki, na ɗaure ta." Bai daina sha ba. Da ya ɗaga kai don ya numfasa, ya ce cikin ƙwarya, "Sau nawa?" Na ce uku, na zagaya yatsana a bakin ƙwaryar don ya ga wajen da na murza. Ya shanye furar tas, ya yi hamdala.

Ya juya ga likita, ba ga gardi ba, ya roƙe shi ya nuna masa farin abin nan da yake cirowa. Likita ya miƙa masa kusa da fuska da gatse. Abba ya duba, ya sansana, ya ce, "Ni ban san moto ba, ranka shi daɗe, amma na san wuta. In akwai wuta cikin abin ga, yunwar iska take ji. Wanga baƙin shi nake gani ga bangon maƙera in zuga ta gaza." Ya ce garin gogewa mai yiwuwa tsummansa ya matse wani abu, a kwance masa igiya ya gwada. Gardi ya ce ƙarasa shi zai yi. Likita ya tsinko kara ya zura a wurin isansi ya ciro ya dubi inda ya jiƙe. A shekarun nan isansi ya fi zuma wuyar samu, kuma ya riga ya ƙona da yawa a banza. Ya ce, "Sau biyu kawai za mu gwada. In bai tashi ba, kai za ka tura shi, ba samari ba." Aka kwance igiya. Abba ya durƙusa gefen moto yana murza yatsunsa jini ya koma, idonsa yana yawo a kan ƙusoshi, don sun fi goma a wurin kuma bai san wacce ba. Sai ya ce, "Hajo, kawo tsumma." Na kawo, na ɗora shi daidai bisa kanta, na ja da baya.

Ya kwance ta sau uku, kewaye cikakke kowane, irin murzawar babban mutum. Likita ya goge buji ya mayar, ya taka. Moto ya tashi ba hayaƙi, mutane suka fara murna, amma muryar siririya ce tana hawa tana sauka, sai ya yi tas-tas kamar gawayi mai tsartuwa, ya ɗauke. Gardi ya fara warware igiyarsa a hankali yadda kowa zai gani. Ni na rufe ido ina karanta 'yar fatihar da na iya, ina haɗa farko da ƙarshe. Da na buɗe, na ga Abba yana kallon hannuna, sannan ya dubi nasa. Ya gane murzawa uku ta yarinya da bakin zane ba ta kai tasa ba. Ya ce, kamar yana magana da kansa, "Yanzu kuma na shaƙe ta." Ya mayar da ita ciki wajen rabin abin da ya kwance. Ya roƙi likita, in ya tashi, ya riƙe shi da hannu kar ya bari ya mutu, shi zai nemi wurin da kunne.

Likita ya taka na ƙarshe. Moto ya tashi yana gargada. Abba ya kai kunnensa kusa da ƙarfen har ina tsoron zai ƙone, ya rufe ido, yatsu biyu a kan ƙusa. Ya matse ta kaɗan, hayaƙi ya fara duhu, muryar ta yi nauyi. Ya saki kaɗan, kaɗan ƙwarai, kamar mai cire ƙaya a ƙafar yaro. Ɗayan hannunsa yana sama, yatsa ɗaya a miƙe, yana sauke shi sannu a hankali yadda yake mini a bakin zuga, kuma abin mamaki likita ya bi yatsan yana rage hannunsa. Tarin ya ragu, tsallen ya daina, bugun ya daidaita kamar mata biyu da suka saba lugude a turmi ɗaya. Likita ya sake hannu gaba ɗaya, moto ya ci gaba da bugawa shi kaɗai a tsaye, hayaƙinsa da ƙyar ake gani. Can likita ya ce, a hankali, ko ranar da aka ba shi bai yi wannan murya ba. Bai yi godiya ba, bai kuma sake duban Abba ba, ya hau ya tafi tun kafin moton ya canza hali. Gardi ya naɗe igiyarsa, ya shiga maƙera ya zaɓi sabuwar wuƙa ya soke a ɗamara, ya hau doki ya bi ƙurar.

Da mutane suka watse, Abba ya zauna a kan kututturen da ke kusa da uwar maƙera. Ya ɗora hannuwansa a kan gwiwarsa yana duban shaidar igiya. Na tsaya ina jiran dukan da na san na ci. Inna ta shiga ɗaki ta daɗe ba ta fito ba. Can ya ce, "Zo ki zuga, sungumin mutane na jira." Na zauna na kama zuga-zugi ina kuka ba sauti, hawaye yana ɗiga a kan fatar. Sai da wuta ta kama ta yi ja sannan ya ce, "Gogewar ta yi kyau. Amma in kin ga abin mutum a sake, ki tambayi mai shi." Bai sake tada maganar ba har ya bar duniya. Muka shuka gonarmu ranar Juma'a da sauran laima. Shaidar igiya ta zauna a wuyan hannunsa har aka yi noman farko, kuma duk lokacin da ya miƙo hannu ya karɓi awartaki sai na kawar da kai.

Yanzu ɗana na uku yana da rumfar gyaran moto kusa da tasha a Madawa. Shi ya faɗa mini 'yar butar nan sunanta karbiratar, a cikinta isansi da iska suke haɗuwa, ƙusar kuma da gangan ake barinta a sake don ita ce ƙofar iskar. Nakan zauna a bencinsa in na kai masa abinci, in ga 'yan kabu-kabu sun jero, shi yana murza ta da turnabis, wato sukudireba, yana cin goro yana gardamar kokowa, ko kallonta ba ya yi. Ba mai tsoro, ba mai tsayawa daga nesa, jikokina ma hawa suke suna wasa a kai. Na gode Allah da suka taso ba su san igiyar nan ba. Maƙerarmu kuwa ta rushe tun da daɗewa, zuga-zugin gara ta cinye, kuma da na shiga karatun manya na iya riƙe alƙalami babu sauran wanda ya ga ranar sai ni. In yaro ya zo mini yana raɓe-raɓe da abin da ya ɓata, ba na saurin ɗaga murya, nakan ba shi wani abu ya riƙe mini tukuna har ya sami bakin magana. Har yau in moto ya yi tari ya fesa baƙin hayaƙi a ƙofar gida, sai in tsaya da abin da nake yi, ina jiran wani ya ɗaga yatsa ɗaya ya sauke shi a hankali.